Jira da Ɗauki-Sauke: Inda Dankalin Filato Ke Lalacewa Tsakanin Bokkos da Farin Gada

Tsakure

Maƙalar ta auna safarar dankalin Turawa a Jihar Filato da ma'aunin tsarin kawar da ɓarna na kamfanin Toyota. Matsayinta shi ne jira da yawan ɗauki-sauke sun fi rashin ɗakin sanyi ɓata dankalin ci.

Waiwaye

Taiichi Ohno na Toyota ya lissafa ɓarna iri 7, ciki har da jira, jigila marar dalili da tara kaya fiye da buƙata. James Womack da Daniel Jones suka yaɗa tsarin a littafinsu na 1996. Da su ba ni da ja. Jayayyata ita ce da masu cewa maganin asarar Filato shi ne a gina manyan ɗakunan sanyi. Jos na bisa tsauni da ya kai kimanin mita 1,200, sanyinta ne ma ya sa dankalin ya karɓi ƙasar. Kuma ɗakin sanyi lantarki yake ci dare da rana. Wa zai biya kuɗin man janareta, manomin Mangu ko dillali?

Hanyar bincike

An bi sawun buhu daga gona zuwa kasuwar Maikatako da ke Bokkos, daga can zuwa kasuwar Farin Gada a Jos, ana lura da duk inda ya tsaya da duk hannun da ya ɗaga shi.

Sakamako

Tafiyar mota ita ce mafi ƙanƙantar kaso na lokacin. Sauran duk zama ne. Buhu na jiran ciniki ya faɗa, sannan ya jira mota ta cika, domin direba ba ya tashi da rabin lodi. A watannin Yuli da Agusta, lokacin da ake haƙar dankalin damina, wannan zaman a cikin laima ake yin sa.

Babban abin shi ne buhun kansa. Da buhu ake ciniki, ba da sikeli ba, don haka mai saye ke son a danƙara shi har a ƙara masa tsawo. Ɗan dako ba zai iya sauke irin wannan nauyi a hankali ba, sai dai ya sake shi ya faɗi. Fatar sabon dankali ba ta yi ƙwari ba. Da ta kwarzane, ƙwayar cuta ta sami ƙofa. Ɗaya ya ruɓe, ruwansa ya shafi maƙwabtansa. Kafin kaya su isa kasuwar Mile 12 a Legas an ɗaga an yar sau da yawa, kuma kowane sauyin hannu kan zo da zazzagewa a tsince a sake ɗurawa. Dankalin da ya riga ya ji rauni, sanyi ba ya warkar da shi. Abin da zai rage wannan asarar bai kai kuɗin gina ɗakin sanyi ba: ƙaramin buhu, ciniki da kilo, tsincewa sau ɗaya a gona, da mota mai ranar tashi sananniya.

Iri kuwa hukuncinsa daban, dole a adana shi. Rumbu mai iska da hasken da ba na rana kai tsaye ba, wanda Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Peru ta yaɗa, ya wadatar.

Iyakar binciken

Nazarin ya tsaya kan kakar damina da hanya guda, bai taɓa noman rani ba. Hare-haren da suka afka wa Mangu da Bokkos a 2023 sun hana manoma zuwa gona da kasuwa, kuma wannan jiran ba tsarin Toyota ne zai magance shi ba.