Garnada a Idon Baƙi Uku

A yau duk wanda ya je Garnada, a kudancin Sifaniya, hoton fadar Alhambra yake fara turo mana. Matafiyan da kuwa labarin mutanen garin suka fi ba mu.

Ibn Battuta ya shiga birnin wajen 1350. Bai ga Sarki Yusuf na Ɗaya ba saboda sarkin yana jinya, sai mahaifiyar sarki ta aiko masa da dinare. Ya zauna da malamai, ya tarar da sufaye daga Samarƙand da Indiya.

A 1492 birnin ya faɗa hannun Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella. Bajamushe Hieronymus Münzer ya zo a 1494, ya iske masallatai maƙil da masallata ranar Juma'a. Ba a yi shekara goma ba aka tilasta musu barin addininsu, daga baya aka kori jikokinsu.

Lokacin da Ba'amurke Washington Irving ya sauka a fadar a 1829, talakawa ne ke kwana a ɗakunan sarakuna.

Fadar tana nan, miliyoyin baƙi na ziyartarta kowace shekara. Masallatan Juma'ar nan kuwa, sai a rubutun matafiya muke samun labarinsu.