Taken Ɗan Galadima: Daga Fagen Bori Zuwa Barikin Kuza

Duk wanda ya san unguwar Abatuwa ta birnin Jos ya san cewa kalangu shi ne kiɗan mahauta tun kaka da kakanni, kuma har yau ba su sake shi ba. Amma akwai wani kiɗa da ya hau tsaunin nan tare da Hausawan farko, wanda samari ƙalilan ne za su iya faɗin asalinsa, watau taken Ɗan Galadima da ake yi da goge.

Shi goge ƙwarya ce da aka rufe bakinta da fatar guza, aka ɗaura mata tsirkiya ɗaya tak ta gashin wutsiyar doki, wadda sai an shafe ta da ƙaro kafin ta yi murya; a gefen mai gogen kuma masu ƙwarya ne ke zaune, sun kife ƙorai suna kaɗa su da 'yan sanduna. Ba don nishaɗi aka fara wannan take ba. A i'itiƙadin 'yan bori, iskoki suna zaune a wani birni da ake kira Jangare ƙarƙashin mulkin Sarkin Aljan Sulaimanu, kuma kowane iska yana da takensa da kirarinsa, waɗanda idan ba a kaɗa su daidai ba, ba zai hau dokinsa ko goɗiyarsa ba, watau namiji ko macen da yake hawa. Ɗan Galadima, wanda ake kira Yarima, ɗan sarauta ne a cikinsu, ma'abocin ado da turare da caca, mai kyautar da ta kai ga almubazzaranci. Saboda haka idan ya hau mutum, sai a sa masa babbar riga da rawani, a shimfiɗa masa wurin zama, ana yi masa fifita, shi kuwa yana taku na ƙasaita yana rabon kuɗi da goro, galibinsu kuma a hannun makaɗa suke ƙarewa. Ba a rubuta irin wannan take a takarda, yaro ne ke ɗaukarsa da kunne daga ubangidansa.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804 ya fitar da bori daga fadojin ƙasar Hausa, ko da yake a Maraɗi da Tsibirin Gobir, inda sarakunan da aka kora suka kafa sabon mulki, mata masu sarautar Iya da Inna sun ci gaba da shugabancinsa a fada. A sauran garuruwa sai ya koma gidajen magajiya da bakin kasuwa, goge kuwa ya bi shi can, ya ɗauki baƙin jinin da har yanzu bai wanke ba.

Daga nan ne hanyarsa ta biyo Jos. Da Turawa suka buɗe haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, wani kuma daga Kafanchan a 1927, leburori suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, balle a shekarun 1942 zuwa 1944 lokacin da aka ɗebo dubban talakawa aikin tilas saboda yaƙin Hitila. Barikokin kuza sun tara magajiyoyi da 'yan caca da makaɗa, kuma a ganina ba abin mamaki ba ne idan lebura, wanda ya yini yana ɗaukar kwanon ƙasa a ka cikin sanyin Bukuru, ya karɓi ladansa ranar biya, ya ji an goga taken ɗan sarki mai watsi da dukiya, ya miƙe ya taka, alhali babu iskan da ya hau shi.

Ba na kare aƙidar bori, domin malamai sun bayyana hukuncinta a shari'a, kuma a nan Jos ɗin ne Shaihu Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a 1978, wadda wa'azinta ya ƙara ƙuntata fagen. Amma tarihin waɗanda suka haƙa ƙasar nan da hannunsu yana cikin wannan sauti, ya kuwa kamata Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya nemi dattawan da suka rage masu riƙe da goge a naɗi taken daga hannunsu. Ƙanen goge, watau kukuma, ya fi shi sa'a, domin Ibrahim Na Habu da Garba Supa da Hassan Wayam sun shigar da shi gidajen rediyo da bukukuwan aure.