Jan Biri da Gidajen Kiwon Birai

Manomin Batagarawa bai taɓa ɗaukar jan biri abin kiwo ba. Ɓarawon gyaɗa ne, sai dai a kore shi da jifa, ko a gan shi ɗaure da igiya a hannun gardi ranar kasuwa. Amma ɗigon rigakafin shan inna da ake bi gida gida ana ba yaran garin, da birai aka fara shi, domin a cikin ƙwayoyin ƙodarsu aka riƙa renon ƙwayar cutar tun kafin rigakafin shan inna na likita Salk ya fito a 1955.

A lokacin daga daji ake kamo su, yawanci daga Indiya, a loda a jirgi da duk cutar da ke jikinsu. Tun 1932 aka ga illar haka, da biri ya ciji wani matashin likita, William Brebner, a birnin New York, ya mutu. A 1967 kuma wasu birai daga Yuganda suka kai wata sabuwar cuta ɗakunan bincike na Marburg da Frankfurt a Jamus da kuma Belgrade. Mutum 7 suka rasu.

Jan birin namu ma da nasa laifin. Yana iya ɗauke da wata ƙwayar zazzaɓi mai sa zubar jini yana tsalle lafiya ƙalau, amma in ta shiga biran Asiya sai ta yi musu kisan kiyashi. A 1964 cutar ta ɓarke a gidajen birai na Sukhumi a Tarayyar Sobiyet da Bethesda a Amurka. Allura ɗaya da aka yi wa wannan aka yi wa wancan ta isa.

Dole ce ta kawo gyara, ba tausayi ba, kuma wannan abin takaici ne. Indiya ta hana fitar da biranta a 1978, sai masu bincike suka koma kiwon nasu. Da ma akwai tsibirin Cayo Santiago a Puerto Rico, inda aka saki birai 409 a 1938. Da cutar ƙanjamau ta bayyana aka ƙara tsanantawa, don ba a gwada magani a jikin dabbar da tuni take da wata cutar a ɓoye. A ƙarshen shekarun 1980 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fara ɗaukar nauyin garkunan da aka tsarkake: a killace baƙo, a yi ta ɗibar jini ana gwadawa, a duba tarin fuka, duk wanda aka samu da cuta a fitar da shi daga garke.

Aikin na son haƙuri. Birinya ɗa ɗaya take haifa bayan kusan wata biyar da rabi, shi kuma sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya balaga. Shi ya sa da Sin ta dakatar da fitar da birai a 2020, masu neman rigakafin korona suka shiga ƙarancin da kuɗi ba su iya magancewa nan take ba.