3.2 Farfagandar Yaƙin Duniya na Biyu a Ƙasar Kazaure

Da aka fara Yaƙin Duniya na Biyu a 1939, Ingila ta buƙaci abubuwa uku daga Lardin Kano, wanda Kazaure take ciki a lokacin: sojoji da gyaɗa da gudummawar kuɗi. Don shawo kan jama'a, an yi amfani da hotunan bango da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka kafa a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. Faɗuwar Faransa a 1940 ta ƙara wa farfagandar kaifi, domin Nijar ta koma hannun gwamnatin Bishi mai bin Jamus, ga kuma Babura kusa da iyaka.

Sai dai masu karatun boko kaɗan ne a karkara irin su Roni da Gwiwa. Saboda haka saƙon yakan isa ga talaka ta bakin hakimai da dagatai, kuma abin da ya fito daga bakin sarauta umarni ne. Wannan ya sa da wuya a rarrabe wanda farfaganda ta gamsar da wanda tsoron hukuma ya kai Bama.