Ennio Morricone, mai kiɗan finafinan kaboyi

Da yawa cikinmu mun san fiton nan na finafinan kaboyi, amma ba mu san mai shi ba. Ennio Morricone ne, ɗan Italiya, haifaffen Roma a 1928. Shi ya tsara kiɗan "Le Bon, la Brute et le Truand" a 1966, inda ya haɗa fito, jita da muryoyi masu kwaikwayon kukan dila da babbar ƙungiyar makaɗa. In kun samu faifan, ku saurare shi ba hoto, nan ne za ku ji aikin sosai. Da ya manyanta ya riƙa zagaya biranen Turai, yana jagorantar makaɗa gaban jama'a. Sai a 2016, yana da shekara 87, ya ci gasar Oscar ta kiɗan fim. Ya rasu a 2020.