Senti Biyar a Bakin Tashar Coney Island

Nathan Handwerker ya sauka New York a 1912 yana ɗan kimanin shekara ashirin. Bayahude ne daga yankin Galicia, wanda a lokacin ke ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari, yau kuma garinsu na cikin Poland. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin takalma, talaka mai 'ya'ya goma sha uku, kuma Nathan bai yi wani karatun kirki ba. Bayan shekara huɗu da zuwansa, a 1916, ya buɗe 'yar rumfa a mahaɗar titunan Surf da Stillwell a Coney Island, wurin shaƙatawar mutanen birnin a bakin teku, da jarin da ake cewa dala 300 ne. Abin da yake sayarwa shi ne hot dog, wato niƙaƙƙen naman shanu da aka ɗura a siririn hanji, a gasa a kan faranti mai zafi, a tsaga dogon burodi a kwantar da shi a ciki. Rumfar ce ta zama Nathan's Famous. Akan ba da labarinsa tamkar na gwarzon da ya tashi shi kaɗai da wani sirrin yaji, amma abin da tarihi ya fi nunawa shi ne farashi, da jirgin ƙasa, da hannuwan iyalinsa.

Sana'ar ma ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Ya yi aikin tsaga burodi a gidan abincin Feltman, wanda Charles Feltman, baƙo daga Jamus, ya kafa tun ƙarni na sha tara. Gidan Feltman katafaren wuri ne mai tebura da masu kawo abinci da makaɗa, kuma senti goma yake sayar da nasa. Nathan ya karya farashin zuwa senti biyar. Wannan kaɗai da ba lallai ya cece shi ba, domin araha tana jawo zargi, kuma mutanen wancan zamani suna da dalilin tsoron niƙaƙƙen nama: a 1906 ne littafin marubuci Upton Sinclair ya tona ƙazantar mahautan Chicago har gwamnati ta kafa dokar duba nama. Abin da ya sauya lissafi shi ne isowar jirgin ƙasan birni tashar Stillwell wajen 1920, a kan kuɗin mota senti biyar. Kafin nan masu ɗan hali ne suka fi zuwa Coney Island. Bayan nan sai leburori da masu ɗinki a masana'antu da iyalansu suka riƙa kwararowa ranar Lahadi, kuma rumfar Nathan na daura da ƙofar tashar. Wanda ya biya biyar ya zo, zai biya biyar ya koma, ba zai zauna a teburin Feltman ba. A tsaye zai ci, burodin a hannu, yana tafe zuwa bakin ruwa.

Mai musu zai ce ai jirgin bai sauke mutane don Nathan kaɗai ba, rumfuna da yawa suna kan titin, kuma yawancinsu sun shuɗe. Gaskiya ne, kuma a nan iyali ya shigo. Ribar da ke cikin senti biyar ba ta taka kara ta karya ba, sai an sayar da dubbai a rana kafin a ga kuɗi, wannan kuwa yana buƙatar mutanen da za su tsaya daga safiya har tsakar dare ba tare da tsadar albashi ba, kuma ba za su sa hannu a akwatin ciniki ba. Ida Greenwald, wadda ya aura a 1918, a rumfar ta yi rayuwarta tana fere dankali da albasa. Dangi sun shigo, 'ya'yansa Murray da Sol a bayan kanta suka tashi. Shi kansa Nathan an san shi da tsayawa a kan ma'aikata, yana duba nama da zafin faranti. Wannan tsanani nasa ne, ba a ƙwace masa, sai dai tsanani ba ya fere buhun dankali.

Tatsuniyoyin da suka lulluɓe wannan aiki daga baya suka yi ƙarfi. Ana cewa mawaƙa Eddie Cantor da Jimmy Durante ne suka zuga shi ya buɗe tasa rumfar, ana cewa ya sa wa mutane farar rigar likita su tsaya suna ci don kore shakka, ana cewa yajin daga kakar Ida ya fito. Wataƙila akwai ƙwayar gaskiya a wasunsu. Amma akwai ɗaya da aka kama dumu-dumu: gasar cin hot dog ta ranar 4 ga Yuli, da aka daɗe ana cewa ta faro a 1916. A 2010 Mortimer Matz, mai yi wa kamfanin talla, ya amsa cewa shi da abokin aikinsa ne suka ƙaga wannan asali a farkon shekarun 1970. Kamfanin da ke neman masu zuba jari ya fi son labarin da ke da taurari a kan labarin matar da ke yanka albasa.

Kuma iyalin da ya ɗauki nauyin rumfar shi ne ya tsage a kanta. Murray ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu yana son faɗaɗawa, ya ƙara abincin teku, ya buɗe rassa a wajen Coney Island, alhali uban ya fi yarda da shago ɗaya da idonsa ke gani. Sol bai jitu da yayansa ba, ya fita a 1963 ya buɗe nasa gidan abinci a Manhattan. Gidan Feltman kuwa tun 1954 ya rufe. A 1968 aka sa kamfanin a kasuwar hannun jari, Nathan ya rasu a 1974, kuma a 1987 iyalin suka sayar da shi ga wasu masu jari. Jikan Nathan, Lloyd Handwerker, ɗan Sol, shi ne ya shafe shekaru yana naɗar muryoyin tsofaffin ma'aikata da dangi, ya fitar da fim a 2014, kuma a cikinsa ne ake jin gefen waɗanda suka tsaya a bayan kantar.