Malaman gona na jami'a: wa ke naɗa shugabanninsu, kuma ina kujerar 'yan kara?

Ni ɗan kara ne. A Sabon Ibadan aka haife ni, mahaifina kuma ya fi shekara talatin yana lodin shanu daga Potiskum da Maigatari zuwa kudu. Bara da damina muka sauke tirela a karar Akinyele, kwana huɗu da saukewa bijimai biyu suka fara tari, hanci na zuba. Kafin sati ya zagayo sai da muka kai biyar kwata muka sayar da asara, ciwon huhu ne. Ana cikin haka wata malama daga wata jami'a ta shigo kara da ɗalibanta suna cike takardun bincike. Da ta ji abin da ya faru sai ta ce wa Baba: "Alhaji, wa ke wakiltarku a taron da ake yi da manoma da masu dabbobi?" Baba ya dube ni, na dube shi. Duk rumfar ba wanda ya san ma ana wani taro.

Tun daga ranar na shiga tambaya da karance-karance. Abin da na tattaro ne na ga ya dace in ajiye a nan, domin 'yan uwanmu da ke Agege, Abeokuta, Onitsha, Fatakwal da sauran zangunan kudu.

Mene ne aikin malaman gona?

Mai bincike yana zaune a cibiya yana gwajin iri, ko allurar rigakafi, ko haɗin abincin turke. Manomi da mai dabba kuma suna can gona ko kara. Malamin gona shi ne ɗan aike tsakaninsu: ya kai sakamakon bincike wurin masu sana'a, ya kuma ɗauko matsalarsu ya kai wa masu bincike. Wannan rabi na biyun, wato ɗauko koke daga ƙasa zuwa sama, shi ne dalilin da ya sa ake kafa kwamitocin ba da shawara. Kuma sunan "gona" kada ya ruɗe ka, kiwo da kifi da kaji da kasuwancin amfanin gona duk suna ciki.

Daga ina aka samo tsarin?

Haɗa jami'a da wayar da kan manoma tsari ne da ya yi ƙarfi a Amurka. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta ba jihohi filaye don su kafa kwalejojin noma da sana'a. A 1914 aka yi dokar Smith-Lever, wadda ta ɗora wa waɗannan jami'o'i aikin tura malaman gona zuwa ƙananan hukumomi. Kuɗin aikin karo-karo ne: tarayya ta kawo, jiha ta kawo, ƙaramar hukuma ta kawo.

Tunda mutanen gari na zuba kuɗinsu, sai aka ba su bakin magana. A ƙananan hukumomi da dama na jihar Kansas, jama'a ne ke zaɓen majalisar mutum 24: shida kan noma, shida kan harkar iyali, shida kan matasa, shida kan bunƙasa tattalin arziki. Daga cikinsu ake fitar da mutum 9 da ke zama da jami'a kan kasafin kuɗi da ɗaukar malaman gona. A wasu jihohin kuma naɗi ake yi, aikin majalisar shawara ce kawai.

Na kawo Kansas ne da dalili. A shekarun 1960, Jami'ar Jihar Kansas ce ta taimaka wajen gina tsangayar noma da ta likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Jami'ar Jihar Michigan ta yi irin wannan da Nsukka, Jami'ar Wisconsin kuma da Ife. Mun ɗauko ginin da manhajar, amma zaɓen wakilai daga cikin manoma bai biyo mu ba. A nan naɗi da takardar gayyata ne suka yi yawa.

Cibiyoyin da ya kamata ka sani

NAERLS, a Jami'ar Ahmadu Bello. Ita ce cibiyar ƙasa ta aikin malaman gona. Ta faro a 1963 a matsayin sashe na cibiyar binciken noma ta Samaru, a 1987 aka ba ta aikin ƙasa baki ɗaya. Tana da ofisoshin shiyya, kuma biyu daga ciki na kusa da mu: Ibadan da Umudike. Duk shekara tana fitar da rahoton yadda damina ta kasance.

NAPRI, a Shika. Ita ma ƙarƙashin jami'ar Zariya take, kuma ita ce ta fi shafarmu, domin bincikenta kan shanu, tumaki, awaki, kaji da abincinsu ne. Asalinta gonar kiwo ce da aka buɗe a 1928. Kazar nan Shika Brown can aka samar da ita.

IAR&T, a Moor Plantation, Ibadan. Tana ƙarƙashin Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, ita ke jagorantar haɗa bincike da malaman gona a kudu maso yamma.

AMREC, a Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Abeokuta. An kafa jami'ar a 1988, rana guda da ta Makurdi, wannan cibiya kuma ita ce ƙofarta ta fita wurin manoma. A gabas akwai Jami'ar Noma ta Michael Okpara da ke Umudike, wadda aka kafa a 1992.

Sai kuma hukumomin bunƙasa noma na jihohi, waɗanda ake kira ADP, irin su KNARDA a Kano da OGADEP a Ogun. An fara su da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970 a Funtua, Gusau da Gombe. Yawancin malaman gonar da ke shiga ƙauye ma'aikatansu ne, jami'a ce ke horar da su tana ba su sabon ilimi.

Wa ke naɗa wa?

A jami'ar tarayya, hukumar gudanarwa ce a sama. Shugaban ƙasa ke naɗa shugabanta da wasu mambobi daga waje, sauran kuma daga cikin jami'ar suke fitowa. Wa'adinsu shekara 4. Wannan hukuma ce ke naɗa shugaban jami'a, shi kuma shekara 5 yake yi ba ƙari. A jami'ar jiha, gwamna ne ke tsayawa a matsayin da shugaban ƙasa yake.

Daraktocin cibiyoyin da na lissafa daga jami'ar ake naɗa su, galibi farfesoshi ne, da wa'adi. Ƙarƙashin darakta akwai shugabannin sassa: na dabbobi, na amfanin gona, na yaɗa labarai, na horarwa. Idan kana da koke kan shanu, shugaban sashen dabbobi ne mutuminka, domin shi ke rubuta abin da sashensa zai yi a shekara.

Abin da ya faru a sama kuma yana taɓa ƙasa. A Yunin 2023 gwamnatin tarayya ta rushe hukumomin gudanarwar jami'o'inta, ba a naɗa sababbi ba sai a 2024. Ka ga ke nan naɗin da ake yi a Abuja yana iya tsayar da wata magana a harabar jami'a wata da watanni.

Kwamitin ba da shawara fa?

Nan ne mutane ke rikicewa. Hukumar gudanarwa ita ke riƙe da kuɗi, ita ke ɗauka ta kora. Kwamitin ba da shawara ba ya riƙe da ko sisi. Abin da yake da shi shi ne jerin buƙatu: wace matsala za a sa a gaba, wane gari za a kai horo, da wane harshe za a buga takarda ko a yi shirin rediyo, wa za a kira idan an samu tallafi. To duk ɗan kasuwa ya san wanda ya rubuta jerin suna ya fi wanda ya zo karɓa.

A Nijeriya babban zauren irin wannan shawara shi ne tsarin da ake kira REFILS, wanda ke tara masu bincike, malaman gona, manoma da masu sayar da kayan noma shiyya-shiyya, a duba aikin bara a tsara na baɗi. Ban da shi akwai tarukan masu ruwa da tsaki da cibiyoyi ke kira, da ƙauyukan da kowace cibiya ke ɗauka tana gwada sababbin dabaru a cikinsu. Kujerar masu sana'a a irin waɗannan wurare yawanci ta hannun ƙungiya mai rajista take bi, irin su AFAN ta manoma, ko ta masu kaji, ko Miyetti Allah.

Me ya sa ba a ganinmu?

Na farko, mun faɗa tsakiya. Idan an ce manomi, mai rogo da masara ake nufi. Idan an ce makiyayi, mai ruga ake nufi. Mu da ke ɗauko saniya daga arewa, mu yi kwana biyu a hanya, mu ciyar da ita a kara har ta shiga kwata, ba mu cikin kowane layi. Alhali cutar da ta taso daga Yobe ta hannunmu take isa Legas, haka ma maganinta ta hannunmu zai fi saurin yaɗuwa.

Na biyu, laifinmu ne. Takardar gayyata da Turanci take zuwa, a miƙa wa wani shugaba, ya sa a aljihu. Idan ma an je, wanda ya fi kuɗi ko rawani ake turawa, ya sa hannu ya karɓi kuɗin mota ya dawo, ba wanda ya ji abin da aka ce.

A Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha, ƙungiyar fataken shanu da kayan abinci ta tsayar da lodi zuwa kudu, cikin kwanaki kowa ya ji a jikinsa. A watan Mayun shekarar gwamnonin kudu suka haɗu a Asaba suka yanke hana kiwon sake. Yanzu kuma tun Yulin 2024 akwai Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta tarayya. Maganar turke, abincin dabbobi da safarar nama a motar sanyi duk tana kan teburi, kuma ra'ayin malaman jami'a ake nema a kanta. In ba mu zauna da su ba, za a tsara mana sana'a da bayanin wanda bai taɓa kwana a bayan tirela ba.

Abin da kowace kara za ta iya yi

A fara da tabbatar da cewa ƙungiyar kara na da rajista, da adireshi, da lambar waya guda da ake ɗauka. Sannan a rubuta wasiƙa, da sa hannun shugaban kara da Sarkin Hausawa, zuwa ga daraktan cibiyar da ta fi kusa da manajan ADP na jihar, a nemi a sa ƙungiyar cikin jerin waɗanda ake gayyata. A kai da hannu, a karɓo kwafi mai hatimi.

Wakili kuma a tura biyu: dattijo da ya san saniya, da matashi mai jin Turanci da harshen gari, mai iya rubutu. A sa musu wa'adi, shekara biyu ta isa. Duk taron da suka je, su tara jama'a bayan la'asar su faɗi abin da aka ce.

Kada a je hannu rabbana. A ajiye littafi a kara: tirela nawa ta sauka, daga ina, nawa suka mutu a hanya, nawa suka nuna tari, ɓoru, kirci ko sammore, nawa ake sayen buhun dusa. Malamin jami'a lissafi yake ji. In ka ce masa "muna asara" zai tausaya maka, in ka nuna masa littafin wata shida zai sa ka cikin rahoto.

Mu a rumfarmu mun fara tun watan da ya wuce, ni ke riƙe da littafin. Da farko Baba dariya ya yi, ya ce shi a ka yake lissafinsa. Shekaranjiya da wata karsana ta kwanta, shi da kansa ya ce in ɗauko biro in rubuta. Duk karar da ta riga mu samun kujera a irin wannan kwamiti, don Allah a sanar da mu yadda aka bi, mu ma mu bi sahu.